Maƙogwaron Yaya Altine

Ku samarin da kuke tsayawa a bakin rumfata a Kalgo kuna cewa mazarƙwaila ai dafa ruwan rake ne kawai, ban ga laifinku ba. Daskararriya kuka gani a faifai, ba ku tsaya a bakin murhu ba. Wani cikinku har cewa ya yi in koya masa idan an yi hutun makaranta. To, ga abin da ake iya koyarwa a zaune.

Aikin farko da Kawu Manu, ƙanin mahaifiyarmu, ya ba ni a fadamar bayan Maruda shi ne bin doki. Injin matsar rake na lokacin ƙarafa ne masu nauyi a tsaye, suna juyawa suna haɗa baki. An ɗaura musu dogon itace a ka, doki yana jan itacen yana zagaye, kai kana bayansa da tsumagiya tun hantsi har la'asar. Ka yi sanyi, doki ya tsaya. Ka matsa masa, ya yi gudu inji ya shaƙe. Daga bin doki aka mai da ni cusa rake. Nan inji ya ci mini yatsu biyu. Kawu ya duba hannun, ya ɗaure da tsumma, ya ce, "Gode Allah, hagu ce." Washegari ina bakin aiki. Yanzu injin gas ake kunnawa. Ya fi doki sauri, ya kuma fi shi cin hannu.

Bayan inji sai wuta, kuma a wuta na tsufa. Murhu rami ne dogo, a ɗora masa manyan tukwanen ƙarfe masu faɗin baki. Ba a ƙona itace. Tuka ake ƙonawa, wato ɓawon raken da inji ya matse ya tofar, bayan an shanya shi. Tuka tana ci da sauri, tana mutuwa da sauri, don haka mai wuta ba ya zama. Ruwan rake idan ya fara zafi yana tara baƙar kumfa a sama, sai a riƙa kwashe ta da ludayi mai dogon mariƙi. Ka bar kumfa, kayanka su yi baƙi su yi ɗaci. Daga nan ruwa ya yi ta ja baya, ya yi ja, ya yi kauri, ya fara bul-bul kamar talge. A sauke, a tuƙa da muciya, a zuba a ƙananan tasoshi ta daskare.

Duk wannan kowa zai iya koya. Abin da ba kowa ke iyawa ba shi ne sanin lokacin saukewa. Ka sauke da wuri, ta yi taushi. Ka ƙara mata kaɗan, ta ƙone. Tsakanin biyun ba ya kai tsawon alwala. Yawancin masu sana'ar ɗiga ta suke yi a ƙoƙon ruwan sanyi su murza da yatsa. Mazarƙwailarsu tana sayuwa, ba laifi. Kawu Manu shi ɗanɗanawa yake yi, kuma cikin duk waɗanda ya koya wa, wana Altine kaɗai ya ɗauka.

Yaya Altine yakan ɗebo a bakin ludayi, ya hura, ya kurɓa, ya haɗiye, ya yi shiru. Ba sau ɗaya ba. Tun tana ruwa yake bin ta, har ta kai. Ba ya tofarwa. A wurinmu ba a tofar da abin tukunya, an ce albarkar aikin ke bin yawun. Shi kuma yana da nasa dalilin. Ya ce harshe zaƙi kawai ya sani, a maƙogwaro ake jin ko ta kai, yadda take kamawa idan za ta wuce. Idan ya ce "Ku sauke," ko kana tsakiyar magana sai ka yanke. Tamu idan ka fasa ta sai ka ji ƙas, cikinta kamar yashi mai laushi. Mata masu nakiya da masu alewa na Gwandu ba su sayen ta kowa idan tamu tana kasuwa. Wata tsohuwa takan ƙwanƙwasa da farce ta kai kunne, ta ce, "Wagga ta Altine ce, zuba min." Ba sunana take kira ba, ni da na sha hayaƙin. Haka abin yake.

Akwai kuma al'adar da ya kamata ku sani, don a kanta komai ya rataya. Ba a kai abinci wurin matsa, ba a kai tulun ruwa. Ƙishi ya kama ka, ka tara ƙoƙo a bakin inji ka sha ruwan rake. Yunwa ta kama ka, ka kankare gefen tukunya. Tuwo sai ka koma gida. Haka Kawu ya tarar, haka ya bar mana. Wanda ya zo da ƙunshin abinci, dariya ake yi masa, a ce ya zo yawon buɗe ido.

Shekarar da ruwa ya ci fadamarmu, rake ya kwanta a cikin laka ya ruɓe. Wanda ya tsira ba ya da zaƙi. Kawu ya riga ya rasu, aikin yana hannunmu. Muka ɗora inji da tukwane a mota muka koma wajen Wurogauri, muna matsa wa masu gona ana raba kaya. Raken can ma ya sha ruwa. Rake mai ruwa yana daɗewa a wuta, kuma ba ya bin lokacin da ka saba. Sai ya zama Yaya yana ɗanɗanawa fiye da kullum, tukunya bayan tukunya.

A nan na fara lura da shi. Ƙishi ba ya sakin sa. Ya sha ƙoƙo, ya zaga bayan tuka ya yi fitsari, ya dawo ya sake tara ƙoƙo. Tururuwa suka riƙa taruwa inda yake tsugunawa. Wandonsa ya yi masa yawa. Da azahar sai ya ce hayaƙi ya rufe masa ido, alhali iska ba wajensa take kaɗawa ba. Na ce mu je asibiti a Kalgo. Ya ce basir ne. Sai da ya kasa ɗaga tukunya da ni sannan ya yarda.

Wata Sista muka tarar, ma'aikaciyar jinya 'yar wajen Zuru, mai kaifin baki. Ta ce mu dawo da safe kada ya ci komai. Muka dawo. Ta soki yatsarsa, ta ɗiga jinin a wata 'yar na'ura mai kama da wayar hannu, ta duba.

"Baba, ciwon suga ne. Me kake ci?"

"Ni ba ni shan sugan kanti, ɗiyata. Ko a shayi ba ni sa shi. Mazarƙwaila ce abincina, ita kuwa daga ƙasa ta hito."

"Shi sugan kantin daga sama ya faɗo?"

Mutanen da ke kan benci suka yi dariya. Yaya bai yi ba. Abin da ya faɗa ba shi kaɗai ya yarda da shi ba. Duk ƙasarmu haka ake cewa, farin suga ne mai cuta, mazarƙwaila da zuma magani ne. Ni kaina na sayar wa masu ciwon da suka zo nema da wannan niyyar, ban san komai ba, su ma ba su sani ba.

Ta ce mu jira a waje a kawo magani. Muna zaune a gindin darbejiya, yunwa ta taso. Akwai gorar ruwan rake da na zo da ita, muka raba, muka shanye. Ba mu jima ba sosai, kamar mutum ya taka zuwa tasha ya ɗan tsaya ya dawo, sai ga Sista ta fito ta ga gorar.

"Mene ne a ciki?"

Na gaya mata. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ku shigo dukanku."

Ta sake soka masa. Abin da ya fito ya bar na safe nesa. Yaya ya ce, "Ƙarya abin nan shi kai. Yanzu-yanzu munka sha, ko ciki bai gama kai ba."

Sai ta kama hannuna mai yatsu uku, ta ce, "Kai ma ka sha?" Ta soka. Ta ajiye mana mu gani. Nawa yana ƙasa, nasa yana sama, gora ɗaya.

Ta yi mana bayani, kuma na riƙe shi don ban taɓa jin irinsa ba. Ta ce abu mai zaƙi idan ruwa ne, ba ya jiran komai. Ba tauna, ba niƙa, yana sauka yana shiga jini. Kafin a idar da sallah ya fara hawa, kafin awa ta cika ya kai ƙololuwa. Mai lafiya jikinsa yana kwashewa yana ajiyewa, kamar yadda mai ludayi ke kwashe kumfa tana tasowa. Mai ciwon suga ludayinsa ya karye. Abin sai ya zauna a jini har wuni ya raba, idan ya ƙara wani ya hau kan na farko. Tuwo da miyar ganye, ko wake, su a hankali suke shiga. Ta ce ba ranar yake kashewa ba. Ido yake ci, da ƙoda, da jijiyar ƙafa, a ɓoye.

Yaya ya daɗe yana kallon na'urar. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce, "Na rantse da Allah, ba ta ƙara wuce maƙogwarona."

Ya fita yana fushi. Sista ta riƙe ni a baya ta ba ni ƙwayoyin, ta ce, "Kai ne ƙaninsa? Saurara. Wannan ƙwaya tana jan suga ƙasa, ko ya ci abinci ko bai ci ba. Dole ya ci. Idan ka ga yana rawar jiki, yana zufa mai sanyi, yana magana ba kai, to ƙasa ya yi, ba sama ba. A ba shi zaƙi maza. Idan ba ya iya haɗiya kada a ɗura masa, a shafa a cikin kumatu a kawo shi." Na faɗa wa Yaya a hanya. Ya ce, "Ita ta ce guba, ita ta ce magani. Ta zaɓi guda."

Tukwanen da suka biyo baya ba su da daɗin tunawa. Yaya ya koma ɗiga a ƙoƙon ruwa kamar kowa, kuma bai iya ba, don bai taɓa buƙata ba. Wata ta yi taushi, wata ta ƙone. Masu gona suka fara gunaguni. Ƙishinsa ya ragu, idonsa ya washe, amma ya daina magana. Kullum da safe ya haɗiyi ƙwaya da ruwa ya fito. Ya daina shan ruwan rake, ya daina kankarar tukunya, kuma bai yarda ya zo da ƙunshin abinci ba. Na kawo masa ɗanwake sau ɗaya, ya ture. "A gaban mutanen Wurogauri? In zama abin dariya ga baƙin wuri?" Haka yake wuni a bakin wuta, cikinsa ba komai sai ƙwaya.

Ranar kasuwar Kalgo ni ke kai kaya. Kafin in tafi na ja Dikko gefe, magidancin da muka ɗauka a can yana cusa mana rake. Na ce idan Yaya ya fara rawa a ba shi ruwan rake. Ya ce to. Na dawo bayan azahar a kan mashin, na hango inji a kashe, mutane sun yi da'ira a inuwar tarin tuka.

Yaya yana kwance, rigarsa ta jiƙe jagab da zufa, jikinsa sanyi kamar randa, ido a juye. An jiƙa sassaƙen maɗaci ana ɗiga masa a baki. Wani dattijo yana tofa addu'a. Ga tukunya cike da ruwan rake a gefensu, taku kaɗan.

"Dikko, mi na ce maka?"

"Na ɗebo wallahi, Sahabi. Shi ya kaɓar da ƙoƙon, ya ce ya yi rantsuwa. Kuma mutane sunka ce suganai ne ya tashi, in an ba shi zaƙi ya mutu a ce mu munka kashe shi. Ɗaci ka kashe zaƙi, kowa ya sani."

Na ɗauki mazarƙwaila daga tasa, wadda ba ta gama daskarewa ba, na lakata na buɗe bakinsa na shafa a cikin kumatu. Dattijon ya riƙe mini hannu. "Ɗana, ji tsoron Allah, ɗan'uwanka ne." Na fizge. Na ce a tayar da mashin, na ci gaba da shafawa ina murza kumatun daga waje. Ba a gama gyara yadda za a ɗauke shi ba ya motsa baki. Ya haɗiye. Na ƙara. Idonsa ya dawo daidai. Da ya iya riƙe kai na ba shi ruwan rake kurɓi-kurɓi. Tukar da ke murhu ba ta gama cinyewa ba ya tashi zaune.

Ya tattauna bakinsa, ya yamutsa fuska, ya ce, "Wa ya sauke wagga? Ta ƙone."

Aka yi kabbara, wasu na dariya wasu na share ido. Na sa aka nemo masa tuwo ya ci, don Sista ta ce abin da ya hau da sauri yana iya sauka ya bar shi. Na ɗauka an wuce wurin. Ashe nan aka shiga.

Kowa a wurin ya ga mutum kamar gawa, ya ga an sa masa mazarƙwaila, ya ga ya tashi. Wannan ido ya gani. Abin da Sista ta ce yana ci a ɓoye, ba wanda ya gan shi. Yaya ya yi kaffarar rantsuwarsa, ya zubar da ƙwayoyin a rami, ya ce, "Ƙwaya ta kada ni, mazarƙwaila ta tashe ni. Wace ce guba?" Na ce mu koma wajen Sista a rage masa ƙwayar, a gaya masa yadda zai ci abinci. Ya ce in koma ni kaɗai tunda da ni take shiri. Ya ɗauki ludayinsa. Kayanmu suka dawo yadda suke, masu gona suka daina gunaguni, har daga wasu ƙauyuka aka riƙa kiranmu. Ba wanda ya goyi bayana, ko ɗaya.

Aka yi kaka biyu haka, muna gida Gwandu. Wata tukunya da muke saukewa ta fantsala masa a bayan ƙafa. Mai zafin nan tana kama fata kamar ƙaro. Ya ci gaba da aikinsa. Ni na gani na ce, "Yaya, ƙafarka." Ya duba kamar ta wani ce. Bai ji ba. Ƙuna ba baƙuwa ba ce a aikinmu, jikina duk tabonta ne, tana warkewa. Tasa ba ta warke ba. Aka sa zuma, aka sa toka, aka sa garin magani. Ta yi baƙi, ta fara wari, ta hau. A Birnin Kebbi aka yanke ta ƙasa da gwiwa. Likitan ya ce ido ɗaya ma ya tafi, ɗayan da ɗayar ƙafar suna hannunsa, idan ya so. Aka ɗora shi a kan allura, matarsa ta koyi yi masa, tana tsare shi da abinci a kan lokaci.

Da aka fara yankan rake na gaba, na kafa murhu ba tare da shi ba. Ranar da muka kunna wuta sai ga amalanken shanu, Yaya a kai, ya sa maƙwabcinsa ya kawo shi. Aka sauke shi, aka kifa masa turmi kusa da tukunya ya zauna, sandunansa a gefe. Ma'aikata suka yi murna. Ni na ci gaba da tura tuka.

Ruwa ya ja, ya yi kauri. Ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba.

"Ludayi."

Ludayin yana hannuna. Ban miƙa ba.

"Sahabi, kurma ka zama? Lokaci na wucewa."

"Ba ni ba ka, Yaya."

"Kurɓi guda."

"Ba ka taɓa yin guda ba. Wagga guda, ta gaba guda, har la'asar. Gobe ma haka."

"Ƙafata ce ko taka?"

"Taka ce. Ni na ɗauko wadda anka yanke na binne."

Tukunya tana ta bul-bul. Ya juya wajen ma'aikata ya ce wani ya ba shi. Suka dube ni, suka sunkuyar da kai.

"Ni na riƙe ka a bayan doki kana kuka," in ji shi. "Yau kai ka hana ni tukunyar Kawu?"

"Ni ne."

Na ɗiga a ƙoƙon ruwa, na murza da yatsun da suka rage mini, na ce a sauke. Aka tuƙa, aka zuba a tasoshi. Yana kallo da idonsa ɗaya har aka gama. Ya ce, "Wagga ba ta kai damina." Sannan ya ce wa maƙwabcinsa, "Mai da ni gida."

Gaskiya ya faɗa. Ruwan farko na sauka ta fara zufa a cikin buhu, ta narke, muka ba shanu. Masu nakiya suka koma wajen wasu. Na sayar da inji, yanzu sarin ta nake yi ina kasawa a nan.

Shi ya kai daminar, ya kai ta bayanta. Yana nan a zaurensa a Gwandu, ƙafar ɗaya tana nan, idon yana gani. Idan na je na yi sallama yana amsawa, don amsa sallama wajibi ne. Daga nan sai ya ƙara wa rediyonsa murya.